Shawarwari ga mai son rubuta labarin soyayya a Maraɗi

Mata masu karatu da rubutu sun zauna a unguwar Ali Ɗan Sofo kan littattafan soyayya, ga abin da na tsinto.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar wuri. Yawancin abin da muke karantawa daga Kano da Kaduna yake zuwa, har ƴammatanmu sun ɗauka labari ba ya daɗi sai jarumi yana Abuja. Wata hajiya ta ce: "Ɗiyata, sa yarinyar ta tashi a Bagalam, ta tafi lakwal, a yi cinikin kayan ɗakinta da jaka." Gaskiyarta. A bar Hausarmu ta fito a bakin mutanen labari, amma a kiyaye ƙa'idar rubutu, musamman ɓ, ɗ, ƙ da waya ke haɗiyewa.

An kawo misalin Balaraba Ramat Yakubu, wadda tun 1990 ta taɓo auren dole da ilimin ƴa mace a Wa Zai Auri Jahila? Soyayya tana ɗaukar magana mai nauyi. In za ki rubuta naƙuda ko yoyon fitsari, ki tambayi ungozoma tukuna. Batsa kuwa kowa ya ƙi ta.

Ki gama littafi kafin ki fara sakin shi a WhatsApp, ki sa sunanki a kowane shafi saboda masu kwashewa. Mai gajeren labari ta gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata.