Na sayar da fiyano, yanzu wai in mayar da kuɗi ta wani asusun daban

Mai Fiyano: Salamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Yamaha ɗina PSR-S670 da na sa a Facebook satin da ya wuce wani ya saya daga Abuja, dubu 480, alat ya shigo na buɗe asusu na ga kuɗin sun zauna da gaske, ranar Talata na kai Unguwa Uku na ba direba. Laraba ya ce ya karɓa a Jabi har da su Allah ya ƙara buɗi. Yau da asuba sai ga saƙo wai sikirin ba ya kawo wuta, in mayar masa da kuɗinsa yau-yau, amma ta asusun ƙaninsa don nasa wai ya samu matsala. Fiyanon kuma sai ya ga alat zai sa a mota. Ya zan yi?

Ɗan Korg: Kar ka tura ko sisi.

'Yar Amshi: Sunan da ya fito a alat ɗin shi ne sunan da yake amfani da shi a Facebook?

Mai Fiyano: Anti yanzu na koma na duba, sunan mace ne. A lokacin ya ce min matarsa ce za ta turo, ban kawo komai a raina ba.

Oga Miksa: Innalillahi. Ƙanina zauna in ba ka labari, don irin wannan ramin na faɗa bara da azumi kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Miksa Behringer, na'urar haɗa sauti, na sa a kasuwa da sifiku biyu, muka daidaita da wani a dubu 350, kuɗi suka shigo da sunan mace, shi ma cewa ya yi matarsa ce. Ban ma kai kayan tasha ba ya kira da murya kamar zai yi kuka wai mahaifiyarsa na asibiti ya fasa saye, in riƙe dubu 20 ladan wahalata in tura masa 330 ta wata lamba. Ni har tausayinsa na ji, ga kayana a hannuna ga dubu 20 ta faɗo daga sama, na tura ina yi wa tsohuwa addu'ar samun lafiya. Kwana 9 bayan nan na je biyan kuɗin cefanen sallah kati ya ƙi, na gwada tiransifa ta ƙi, na je banki aka ce an kai ƙorafi an ɗaure asusun, kuɗi za su iya shiga amma ba sa fita. Ashe matar nan ba ta san shi ba ko a mafarki. Keken ɗinki ta gani a wata talla ta bogi da shi ya sa, da ta ce za ta biya sai ya miƙa mata lambar asusuna. Ka ga ita ta biya ni, ni na biya shi, shi ya kashe layi. Da muka zauna gaban 'yan sanda rasit ɗinta sunana ne a jiki ɓaro-ɓaro, ni kuma ba abin da ke hannuna sai hirar WhatsApp da lambar da ta daina shiga. Baiwar Allah tana ta kuka kuɗin adashinta ne. Ƙarshe miksan na karyar na biya ta, sallar nan yarana tsofaffin kaya suka sa. Kai naka ma ya fi nawa muni don fiyanon na wurinsa, in ka tura ya ci biyu kenan, mai kuɗin kuma kai za ta biyo.

Ɗan Korg: Allah ya mayar da alheri Oga. Amma dubu 20 ta sama ai da ma da walakin goro a miya.

Oga Miksa: Kai dai bari, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ɗan Banki: Mai Fiyano, abu na farko kar ka taɓa kuɗin, bar su a asusun yadda suke. Na biyu ka ce ya turo maka cikakken rasit na tiransifar, wanda ke da lambar nan mai tsawo ta session ID, guda 30 ce, ka gwada da wadda ke cikin bayanan asusunka. Wanda ya tura da kansa ko matarsa ta gaske minti biyu ya ishe shi. Na uku gobe ka shiga reshen bankinka ka rubuta musu takarda cewa kuɗi kaza sun shigo ranar kaza daga suna kaza kuma ana matsa maka ka mayar ta wani asusun, su buga hatimi a kwafi ka riƙe. In magana ta tashi daga baya wannan takardar ce za ta nuna kai ka fara kai kanka. In ma har mayarwar ta kama, asusun da kuɗin suka fito nan za su koma, ba na ƙani ba, ba na maƙwabci ba. Kuma duk wanda ya kira ka wai daga banki yana neman OTP ko lambobin katinka don a "warware" maganar, kashe wayarka.

Alaramma: Jama'a a yi adalci dai. In da aibi a jikin kaya tun kafin ciniki kuma ba a faɗa ba, mai saye na da haƙƙin mayarwa, malamai na ce masa hiyarul aibi. Malam ka tambayi zuciyarka, lafiya lau ka ba da shi?

Mai Fiyano: Wallahi Malam ranar da zan naɗe shi sai da na yi bidiyo ina bin makullan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, na tura masa. Maɓallin ƙara sauti ne kawai ke ɗan sassauci kuma na rubuta a tallar.

Alaramma: To ka fita. Ko da aibin ma ai kaya ake dawowa da su a karɓi kuɗi, ba a riƙe duka biyun.

Injiniya: Ni tambayata wace adafta ya sa masa? S670 bolt 16 yake ci, PA-300C ce tasa. Sau nawa ake kawo min fiyano a shago an cusa masa cajar laftof mai 19 ko an jona a janareto mai hawa da sauka, allo ya ƙone a zo ana rantsuwa haka aka saya. Ka ce ya yi bidiyo kol, ya nuna adaftar, ya kifa fiyanon ka ga lambar siriyal da ke manne a ƙasa. Ka ɗauki hotonta kafin ka tura?

Mai Fiyano: Tana jikin kwalin da rasit ɗin Sabon Gari, rasit ɗin na wurina.

Injiniya: Madalla. In ya dawo da shi kar ka biya a tasha, kawo min mu buɗe. Akwai masu kwance sukurori su zare allon ciki mai kyau su sa mataccen nasu, jiki naka ciki nasu. Bakin sukurun ma kaɗai zai gaya maka an taɓa.

Ɗan Korg: Da fiyanon Korg Pa ka saya tun farko da ba ka sayar ba balle a kai ga haka 😂

Mai Kalangu: Ga shi nan ya fara. Wane situdiyo ne a Kano ya tashi da Korg? Duk kiɗan da ka taso kana ji a PSR aka buga shi.

Ɗan Korg: Shi ya sa duk kiɗan iri ɗaya ne, kamar an yi wa unguwa anko.

Mai Kalangu: Ni kalanguna ba ya neman adafta, ba wanda ya taɓa cewa sikirin ɗinsa ya mutu.

Admin: Don Allah a koma kan maganar bawan Allah.

'Yar Amshi: Ni tun da aka taɓa yi min alat na bogi kan makirfo na daina webil, wato tura kaya a mota, da baƙo. Ya turo ɗan'uwansa da ke gari, a jona a gabansa, ya gwada, ya biya, a rabu. In babu kowa nasa a Kano to ba rabonsa ba ne.

Mai Kalangu: Anti makirfon wane iri ne? Ina neman SM58 na asali ba ɗan kwaikwayo ba.

'Yar Amshi: Ya tafi da shi ai, shi nake ba ka labari.

Mai Fiyano: To ga inda aka kwana. Na ce ya yi bidiyo kol ya ce kyamararsa ta fashe. Na ce ya turo rasit ya ce matar ta yi tafiya. Na ce ya sa kaya a mota in na duba zan mayar ta asusun da suka fito, sai ya turo saƙon murya yana zagi wai zai kai ni EFCC kafin la'asar.

Ɗan Banki: Ajiye saƙon, kar ka goge komai, ka ɗauki hoton shafinsa yanzu kafin ya sauke. Ka ce masa ku haɗu a can ɗin.

Oga Miksa: In matar ta ɓullo ka yi mata magana da daɗi, ita ma cutarta aka yi. Sai dai ka shirya, fiyanon nan da wuya ka sake ganinsa.

Mai Fiyano: Hoton da ke kan lambarsa ya ɓace yanzun nan, saƙona kuma layi ɗaya yake nunawa.

Injiniya: Turo min lambar siriyal ɗin ta gefe in watsa wa masu gyara na Abuja da Kaduna, ko Allah zai sa a kai wa wani.

Ɗan Korg: Stand ɗin fa, ka haɗa masa da shi ko yana nan? In yana nan nawa za ka bar min?