Me za mu kira "streaming" da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema, kuma ina so mu tsayar da ita tare.

Ga abin da ya taso da maganar. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan isha'i, ƙanwata ta jingina wayarta da fulas ɗin shayi a tsakar gida, tana kallon wani wasan fadar sarakunan Sin, irin wanda matan sarki ke ta kishi da ƙulle-ƙulle. Umma ta jawo tabarmarta kusa, don ita ma ta fara bin labarin. Can sai hoton ya tsaya cak, fuskar sarauniya ta daskare baki buɗe, ɗan zoben nan ya kama juyawa a tsakiyar gilashin.

Umma ta ce, "Auta, faifan ne ya karce?"

"Umma ai babu faifai."

"To memorin ne ya cika?"

"A'a Umma, ban sauke shi ba, streaming nake yi."

Umma ta yi shiru, sannan ta juyo wajena. "Kai da ka yi karatu, in ba a faifai yake ba, ba kuma a cikin wayar ba, to a ina fim ɗin yake?"

Na yi mata bayani ta gane. Amma sai da na yi dogon zance a kan abin da Bature ya ƙulle a kalma ɗaya, kuma tun daren abin ya tsaya min a rai.

Tambayar Umma tana kan hanya. Duk shekarun da muka yi muna kallon 'yan Koriya da 'yan Chaina, fim abu ne da ake riƙewa a hannu. Wanda ya yi zamanin Jumong ya sani. Tashar MBC ta Koriya ta Kudu ce ta nuna shi daga 2006 zuwa 2007, kashi 81, mu kuwa a faifai ya iso mana, cikin leda mai hoton jarumi da bakansa. Faifai ya karce daidai inda ake gwabzawa, a fitar da shi a hura masa iska, a goge da gefen riga, a mayar ana addu'a. Haka Dae Jang Geum na 2003, kashi 54, labarin yarinyar da ta faro daga ɗakin girkin fada har ta zama likitar sarki. Daga faifai muka koma shagon mai tura fim, ka miƙa memori ka tsaya kana kallon layin nan yana cika. A duk waɗannan matakan bakinmu bai rasa abin faɗa ba. Mun ce faifai, mun ce a tura min, da intanet ta zo muka ce saukewa da ɗorawa, kuma kalmomin sun zauna daram. A wannan karon ne harshe ya tsaya, har yanzu "online nake kallo" muke cewa.

Kafin a raɗa suna, a san jaririn. Fim ɗin yana ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfani can wata ƙasa, an yayyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki na 'yan daƙiƙoƙi. Wayarka tana ɗebo yanki, ta nuna maka, ta ɗebo na gaba, tana ɗan tara kaɗan a gaba saboda tsaro, wanda ka gama kallo kuma ba ya zama. Idan sabis ya yi rauni sai ta koma ɗebo yankunan da ba su da nauyi, shi ya sa fuskar jaruma ke yin dishi-dishi sannan ta washe. Idan ɗan abin da ta tara ya ƙare kafin na gaba ya iso, zoben nan ya fito. Ka rufe waya, babu abin da ya rage a hannunka. Wannan shi ne abin da muke nemar wa suna: kallo ko sauraro a daidai lokacin da abin ke shigowa, ba tare da an ajiye shi ba.

Tun da na fara tambaya, amsar da ta fi yawa ita ce "kallo kai-tsaye". Na gode, amma ban yarda ba, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kai-tsaye tana da aikinta tun zamanin rediyo. Tafsirin azumi kai-tsaye daga masallaci, wasan ƙwallo kai-tsaye daga fili, wato abin yana faruwa yanzu kana ji yanzu. To wasan fadar Sin na Story of Yanxi Palace an gama shi an fitar tun 2018, kashi 70. Wadda ke kallonsa a daren yau ba kai-tsaye take kallo ba, ko da ba ta sauke shi ba. In muka ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu, ranar da za mu bambance wasan da aka naɗa da taron da ake yi a yanzu, dukansu ta intanet, za mu rasa bakin magana. A bar kai-tsaye inda take, za mu buƙace ta nan gaba.

Sai "yawo". Wannan na sha ganinta a rubuce-rubucen da na'urar fassara ta yi, har wasu sun fara kwafa. Don Allah a daina. Babu Bahaushen da zai ji an ce yarinya tana yawo da dare ya kawo fim a ransa. Kalmar tana iya ɓata sunan mutum.

"Watsawa" da "yaɗawa" aikin gidan rediyo da talabijin ne, su saki shiri ƙarfe takwas, kowa ya kama a lokaci ɗaya, wanda ya makara ya rasa. A nan kuwa kai ka zaɓi abin da za ka gani, ka tsayar ka je ka yi salla, ka dawo ka ci gaba.

"Gudana" ta ɗan ja hankalina, sai dai bakin 'yan jarida ya riga ya cinye ta. Abin da ke gudana, taron da ya gudana, hukumar gudanarwa. Ruwan da ke cikinta ya ƙafe.

Wata baiwar Allah ta kawo "ƙorama", kuma ta yi gaskiya cewa asalin kalmar Turancin ke nan, ƙaramin rafi mai gudu. Kalma ce mai daɗi a baki. Matsalarta suna ce kawai, ba a aikata ta. Kuma in ka ce za ka yi kallon ƙorama, za a ɗauka bayan gari za ka bayan an ɗauke ruwan sama.

Akwai masu cewa mu huta, mu ce "sitirimin" kawai. Ba na raina wannan ra'ayin. Rediyo, talabijin, bidiyo, intanet, duk aro ne, kuma sun zama 'yan gida. Idan bakin jama'a ya zaɓi sitirimin, ni ma zan bi. Amma kalmar ba ta gaya wa Umma komai, sai an sake mata bayani daga farko. Kuma mun ga kalmar gida ta yi nasara a wannan fagen kwanan nan. Da "sizin" kowa ke cewa, yanzu masu shirya wasanni masu dogon zango sun saba mana da zango na ɗaya, kashi na biyar. Zango kalmar fatake ce, inda ayari ke sauka ya huta, ga ta yau tana aiki a waya ba wanda ya ji baƙuntarta.

To ga tawa: kwarara. Kallon kwarara.

Da ruwa na yi wa Umma bayani a daren nan, shi ne ma ya kai ni ga kalmar. Na ce mata, Umma, saukewa kamar ki sa mai ga-ruwa ya cika miki randa ne, ruwan ya zama naki, ko an ɗauke na famfo kina da abin sha. Wannan kuwa tara hannu ne a bakin famfo, ruwa na kwarara kina sha, kin janye hannu shi ke nan. Ta ce, "Ashe shi ya sa ya tsaya, ruwan ne ya ɗauke." Ko minti ɗaya ba a yi ba ta kama zancen, har ta faɗi ma'anar zoben nan da kanta.

Ku gwada ta a jimla, don a nan ake gane kalmar da za ta rayu. "Saukewa kika yi ko kwarara?" "Datata ba za ta kai ni kwarara ba, bari dare ya yi in sauke." "Kwararar tana yankewa." "Manhajar kwarara." Ba ta tsaya ga ido ba, akwai sauraron kwarara ga mai jin karatu ko waƙa. Ga kuma inda kai-tsaye ta dawo da mutuncinta: kwarara kai-tsaye, wato taron da ake yi yanzu kana gani yanzu ta intanet.

Har tarihin abin ma ya fi daɗin faɗa da ita. An kafa kamfanin Netflix ne a Amurka a 1997, a 1998 ya fara aika wa mutane faifai ta gidan waya, sai a 2007 ya soma kwarara. A Janairun 2016 ya buɗe a ƙasashe 130 a lokaci ɗaya, ciki har da Najeriya da Nijar, amma ban da Sin. Su 'yan Chaina nasu gare su, manhajojin iQIYI da Youku, sai kuma WeTV ta kamfanin Tencent, kuma da yawa daga wasanninsu suna ɗora su a YouTube. Akwai manhajar Viki, wadda kamfanin Rakuten na Japan ya saya a 2013, inda masu kallo da kansu ke sa kai suna rubuta fassarar da ke fitowa a ƙasan hoto. Lokacin da wasan Koriya na Squid Game ya fito a Satumban 2021, duniya ta gan shi a mako ɗaya ba tare da an buga faifai ba. Ku sake karanta wannan sakin layin, ku ga ko kwarara ta yi tuntuɓe a ciki.

Wani ɗan'uwa ya kawo suka mai ma'ana. Ya ce kwarara tana ɗauke da ma'anar yawa, har da ɓarna, kamar yadda ake cewa jini na kwarara ko kuɗi na kwarara. Na yarda, kuma a ganina wannan ƙarin dacewa ne. Netflix da kansa ya ce awa ɗaya tana cin kusan 0.3 GB a mafi ƙarancin inganci, 0.7 GB a matsakaici, har zuwa 3 GB a hoto mai kyau sosai. Wasan Koriya na yau da kullum kashi 16 ne, kowanne kamar awa guda. A matsakaicin inganci kaɗai ka haura 11 GB kafin ka ga ƙarshen labarin, kuma in kana son sake kallo sai ka sake biya. Duk wanda ya taɓa sayen data da yamma ya wayi gari babu ya san akwai abin da ya kwarare. Shi ya sa har gobe yawancinmu saukewa muke yi da datar dare, ko mu je a tura mana. Kalmar da za ta tuna wa mutum cewa famfo a buɗe yake tana yi masa amfani.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, na san a Faransanci ma kalmar Turancin nan ake ara, don haka giɓin ɗaya ne. Ku gaya min yadda kwarara ta sauka a kunnenku. Haka na Sakkwato da na Zangon Kumasi, in akwai wata ma'ana da take da ita a wajenku wadda za ta ɓata ta, ina so in ji tun yanzu kafin ta yi nisa.

A gidanmu dai ta fara aiki. Jiya da hadari ya haɗu, na ji Umma tana cewa, "Auta, sauke mana kashi biyu tun yanzu, in ruwan nan ya sauko kwararar ba za ta yi ba."