Wa ya taɓa kai aiki da kansa wajen masu sana'ar hannu a cikin garin Kano?

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum. Ina haɗa wa ƙanwata kayan ɗaki, kuma raina ya fi kwantawa da kayanmu na gida: rinin baba, faifai, ƙwarya mai zane, kayan fata. Wanda ya taɓa kai aiki da ƙafarsa, don Allah ya ba mu labarin yadda ta kaya.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Bara na kai farin yadi marinar Ƙofar Mata, wadda ke nan tun 1498. Dattijon da ya karɓa ya tsoma shi a rami ya ɗago, sai na ga kore shar. Gabana ya faɗi, na ce, "Baba, ai shuɗi na ce." Bai tanka ba. Ya matse yadin, ya ware shi a iska, ina tsaye ina kallo koren ya riƙa juyewa yana zama shuɗi. Sai a lokacin ya ce iska ce ke fito da launin, shi ya sa ba a barin kaya a ciki, tsomawa ake ana ɗagowa, gwargwadon tsomi gwargwadon duhu. Abin da ke ramin kuwa ruwa ne da ganyen baba da toka da kanwa, kuma sai ya yi makonni yana tsima kafin ya kama kaya. Hannunsa shuɗi ne har cikin farce. Wallahi ban iya tayawa ba, yadda ya faɗa haka na biya. Kada ki bari a tsallake bugu, mabuga ne ke fito masa da sheƙi.

'Yar Yakasai:
Yaya ya manta da mu. Zanen da kuke gani a jikin rinin, mata ne ke ɗaure shi da zare a cikin gidaje kafin ya je rami. Kakata ta yi wannan aikin, na taso ina riƙe mata bakin zane. Wata da tauraro ta fi so. Ɗaurin zane ɗaya yakan ci mata kwanaki, duk inda ya yi sako-sako baba ya shiga ya ɓata. Hajiya, ki ba da lokaci, musamman da damina da shanya ke wuya.

Malamin Ɗorayi:
Ni kayan fata na kai, aka ɗinka mini jaka da gafakar Alƙur'ani a Kasuwar Kurmi. Fatar akuya ce, da bagaruwa aka jeme ta, jan kuma na karan dafi ne. Shekara shida ke nan, sai ƙara laushi take.

'Yar Gwale:
Na gode. Amma wata maƙwabciyata ta sayi zane aka ce mata na baba ne, ya bar mata launi a jiki. An cuce ta ke nan?

Ɗan Fagge:
Ba lallai ba. Na gaske ma yana zuba da farko. Dubi turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, shunin da yake bari a fata ba aibi ba ne a wurinsu. Ta wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, ta shanya a inuwa.

Inna ta Mandawari:
Ni dai an taɓa yi mini, 'yata. Na saya a hannun wani mai yawo da kaya, ashe garin rini na kanti ne, wanki uku ya koɗe. Abin ya yi mini ciwo, don har na raba wa dangi. Tun daga nan sai na je bakin rami da kaina. Rinin baba yana da warinsa, wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Faifai kuma ki juya bayansa ki duba: in saƙar kabar ta matse ba ka hango haske, zai kai ki shekaru.

'Yar Gwale:
Allah ya saka da alheri, Inna. Asabar in sha Allahu zan kai yadi goma, biyar a ɗaure wata da tauraro, biyar a bar su haka a buga.