Bututun man motata yana yoyo, kuɗi kuma babu

Mai Corolla:
Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina jin warin fetur a tsohuwar Corolla ɗina. Jiya na leƙa ƙasa, na tarar bututun ƙarfen da ke kai mai daga tanki zuwa inji ya ci tsatsa kusa da tayar baya, yana ɗiga. Da ita nake kai yara makaranta, kuma albashi bai shigo ba. Wani ya ce in shafa sabulu in naɗe da roba. Ya kuka gani?

Bakanike:
Wa'alaikumus salam. Malam, don Allah ka ajiye motar tukuna, wurin nan bai da nisa da salansa. Sabulu dabarar tankin da ya huje ce a kan hanya. Motarka mai injekta ce, ƙarfin turin mai ya kai "bar" 3 a ma'aunin matsi, zai ɓalle shi nan take. A cire fiyus ɗin famfon mai, a tayar da mota har ta mutu da kanta don ƙarfin man ya sauka, sannan a cire kan batir. A yanke wurin tsatsar, amma ba da giranda ba saboda tartsatsi. A haɗa da tiyon mai na injekta, kilif biyu kowane gefe. Tiyon ruwa fetur zai cinye shi.

Direban Zariya:
Gaskiyar Oga ce. Amma duba sauran bututun, in tsatsar ta bi shi, ka nemi na hannu a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, ya fi araha.

Mai Corolla:
Na gode, Allah ya saka. Gobe yaran a Keke za su tafi.