Ƙarfen dafawa ya ƙi bin matattakala a Sweet Home 3D, ga mai walda yana jira

Abban Sadiya: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Asabar. Bene nake ginawa a Kano, an riga an zuba matattakala, mai juyawa ce, ka hau tara ka huta ka juya ka hau tara. Da kaina na zana gidan a manhajar zanen gida ta Sweet Home 3D tunda kyauta ce. Komai ya fita daidai sai ƙarfen dafawa. Wanda na samu na shimfiɗaɗɗen wuri ne, in na ɗora shi sai rabi ya tsaya a iska rabi ya nutse a siminti, in na karkata shi kuma sandunan su karkace tare da shi. Mai walda ya ce in kawo hoto da kafin alƙalami. In zauna in koyi wata manhajar zanen, SketchUp, ko in biya a zana mini, ko in bar shi ya yi da ido? Yara biyu ƙanana gare ni, shi ya sa nake son ganin tazarar sanduna kafin a yanka ƙarfe. Ba a sa tayil ba tukuna.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Manhajar Revit kawai. Kana zana matattakala yake ɗora mata ƙarfen da kansa.

Maman Hanif: Mutumin da ke da kwana huɗu za ka ce ya koyi Revit? Ko ka tambayi irin kwamfutarsa?

Zayyana3D: Malam, SketchUp zai fitar da kai a dare ɗaya. Ka ja layi da zai taɓa bakin kowane taki daga ƙasa zuwa wurin hutawa, ka ɗaga layin milimita 900. A ƙarshensa ka zana da'ira daidai kaurin bututunka, ka zaɓi layin, ka danna Follow Me, ka taɓa da'irar, bututu zai bi gangaren har kwana. Sanda kuwa ɗaya za ka yi, ka mai da ita component, wato in ka gyara ɗaya duk kwafinta sun gyaru, ka riƙe Ctrl ka ja kwafinta da Move, ka rubuta x8 don a yi kwafi takwas. In SketchUp ta kan kwamfuta kake amfani da ita, fitar da zanen a nau'in fayil na DAE, Sweet Home 3D tana karɓa. Ta burauza ta kyauta ba ta ɗaukar ƙarin kayan aiki irin su Profile Builder, kada ka ɓata datarka wajen nema. Kwanar wurin hutawa ce za ta ba ka wahala, don a nan tsayin ɓangarorin biyu ba ya haɗuwa sai ka ƙara guntun ƙarfe.

Baban Gida: Hmm. Ni wannan hoton na kwamfuta ne ya sa ni asara. Wani yaro ya zana mini, kyau kamar otal ɗin Dubai, sitenles da gilashi. Na biya, na kai wa mai walda, ya haɗa komai a shagonsa bai taɓa taka filin ba. Ranar da aka kawo a kurkura aka jingina, sai ga ƙarfe yana kallon gabas matattakala tana kallon yamma. Ashe a takarda taki 18 ne, birkila ya zuba 17. Na farko santimita 15, na ƙarshe 21, har tsohuwata ta ce ba za ta hau ba. Aka yanka aka ƙara, aka yanka aka ƙara, duk tabon walda. Gilashi biyu ba su shiga ba, suna nan a sito. Mai zane ya ce laifin birkila ne, birkila ya ce kafintan da ya buga katako ne, kafinta ya kashe waya. Damina ɗaya kuma, ɓangaren baranda ya fara ɗigon tsatsa. Kuɗin sitenles mai kyau, lamba 304, na biya, mai araha, lamba 201, aka sa mini. Allah ya isa.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Oga Walda Panteka: Baba, ka yi haƙuri, amma wanda ya haɗa ƙarfen bene ba tare da ya sa tef a wurin ba, ba mai walda ba ne. Mu igiya muke ja a bakin takin, mu ɗauki gangare a wurin. Hoto fasali kawai yake nuna mana. Kuma jama'a ku daina gwajin maganaɗisu, 201 da 304 duk ba sa kama shi sosai.

Ɗan Zariya: Nawa mita yanzu?

Oga Walda Panteka: Sitenles mai kyau ba na yin sa ƙasa da dubu 85.

Kwankwasa Ƙarfe: Haba Oga! Dubu 50 aka yi wa yayana wata biyu da suka wuce, a Ƙofar Ruwa aka sayo bututun.

Oga Walda Panteka: Ka dawo ka ba mu labari bayan damina.

Injiniya Sambo: Ana ta farashi an bar maganar yaran. A ƙa'idar Ingila kada ƙwallo mai faɗin milimita 100 ta iya wucewa tsakanin sanduna, a Amurka inci 4, kusan ɗaya ne, don kada kan yaro ya shige. Ka lura da kusurwar da ke ƙarƙashin ƙarfen ƙasa, tsakaninsa da takin, a nan ake mantawa. Sanduna a kwance kuma tsani ka yi wa yaro. Tsayi daga bakin taki ake auna shi bayan tayil, in ka auna yanzu tayil da siminti za su cinye maka kusan santimita 3 ko fiye. Na Baba kuwa tun daga zubi aka ɓata, tsayin taki biyu da faɗi ɗaya ya kamata su ba da kusan santimita 63, lissafin Blondel ne, wani Bafaranshe mai zanen gini, tun ƙarni na 17. Manhajar ArchiCAD, tun siga ta 21 a 2017, tana da kayan zana ƙarfen dafawa da ke bin matattakala, amma ba za ta san abin da birkila ya zuba ba.

Oga Walda Panteka: Yallaɓai, shekara ashirin ina wannan aiki ban san Blondel ba, kuma ba yaron da ya faɗo a aikina.

Injiniya Sambo: Wanda aka kira ka aka gaya maka dai.

Oga Walda Panteka: Ku ma zanenku nawa muka gyara a fili ba ku sani ba?

Kwankwasa Ƙarfe: Ku bar Bulandel ya huta, ko shi a Kano zai yi gini sai birkila ya rage masa taki ɗaya.

Abban Sadiya: Na gode ƙwarai. Na je na auna da yamma, takin ba su zo ɗaya ba, bambancin ya kai santimita 2. To in fara sa tayil kenan? Kuma nawa ake zana irin wannan kaɗai?

Zayyana3D: Ni dubu 25 nake karɓa, da ma'auni a jiki.

Ɗan Zariya: Akwai ɗalibai a nan da za su yi maka a dubu 5.

Zayyana3D: Ai abin da ya kashe sana'ar kenan. Ka kwana kana aiki a janareta, ka tura wa mutum samfuri ta WhatsApp ya gani, ya ce bari ya nuna wa Hajiya. Shiru. Bayan wata uku ka wuce ta layin ka ga aikinka a tsaye a gidansa. Ka kira ya ce ai hoto ne kawai.

Maman Hanif: Mu teloli mun fi ku shan wannan. Ka sa tambari a tsakiyar hoton.

Zayyana3D: Ina sawa, Hajiya. Yanke shi suke yi, wani ma da tambarin nawa ya kai wa mai walda.

Baban Gida: Wasu dai gara a hana su kuɗin. Akwai mai son gilashi biyu? Milimita 10 ne, ba a taɓa sa su ba.