Bitar maleriya ga ɗaliban digiri na biyu: ta yaya ake zaɓen binciken da za a fara yi?

Malama_Unguwar_Rimi: Assalamu alaikum. Za a yi bitar kwana uku a nan Kaduna ga ɗaliban digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, wajen su talatin, kan tantance binciken zazzaɓin cizon sauro da ya kamata a sa a gaba. Yawanci kowa "ra'ayin jama'a kan gidan sauro" yake kawowa, an yi shi har an gaji. Wace hanya ta fi aiki, kuma ina ake tuntuɓe?

Dakta_Samaru: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ɗauki tsarin CHNRI, wato hanyar da ake tattara tambayoyin bincike a ba kowace maki bisa wasu ma'aunai, sannan a jera su. Da farko a kafa iyaka: su wa, ina, zuwa yaushe. Misali yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu, jihar Kaduna, cikin shekara 5. In ba haka ba kowa da mudunsa zai yi awo.

Kowane ɗalibi ya rubuta tambaya uku shi kaɗai kafin a buɗe baki, don in babba ya fara magana sauran bin sa za su yi. A haɗe masu kama da juna, casa'in ɗin su dawo kamar arba'in. Ma'auni biyar ne: za a iya amsa ta ba tare da saɓa ɗa'ar bincike ba? Amsar za ta haifar da abin da ke aiki? Za a iya kai shi ga jama'a? Nawa zai rage cutar? Zai kai ga talaka da na ƙauye? Eh maki 1, a'a 0, wanda ya san fannin amma bai yanke ba 0.5, wanda bai sani ba ya bar gurbin. Kada mai lissafi ya cike gurbi da 0; haka tambayoyin ilimin sauro ke faɗuwa ƙasa, alhali rashin masana ne a ɗakin. Kuma cike gurbi 200 (tambaya arba'in sau ma'auni biyar) na gajiyarwa, a sassauya jerin tambayoyin a kowace takarda.

Hajiya_Kawo: Ranar farko kada a taɓa maki, a zauna da alƙaluma. Binciken maleriya na ƙasa ya nuna yaran da aka ga ƙwayar cutar a jininsu sun sauko daga kashi 42 cikin ɗari a 2010 zuwa 27 a 2015, sai 22 a 2021, amma a 2021 ɗin Kebbi na da 49, Legas na da kusan 3. Jihar nan ma haka take: damina a Kafanchan ta fi ta Ikara tsawo.

Sai a koya musu mayar da batu tambaya. "Rigakafin damina", wato maganin kariya daga maleriya na kwana uku da ake ba yara duk wata a damina, batu ne. Amma ma'aikaci a gabansa ake shan maganin ranar farko, maganin amodiyakwin na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa. Yara nawa ke kammalawa, me ke hana sauran? Wannan ɗalibi zai iya bin ta gida-gida.

Malam_Tudun_Wada: Dakta, ina da ja kaɗan. In ɗalibai kawai suka ba da maki, abin da aljihunsu zai ɗauka za su ɗaga. A gayyato jami'in maleriya na ƙaramar hukuma, ungozoma mai awon ciki, da mai kemis, tunda wurinsa masu zazzaɓi da yawa ke fara zuwa. A fitar da jeri biyu: abin da jiha ke buƙata, da abin da ɗalibi ɗaya zai iya. Gwada ko ACT, haɗin maganin da ake warkar da maleriya da shi, na aiki yana son bin majinyaci aƙalla kwana 28 da gwajin PCR, mai duba ƙwayar halittar cutar a ɗakin gwaji. Neman ƙwayar cutar da ke ɓoye wa gwajin gaggawa saboda rashin HRP2 (sinadarin da gwajin ke ganowa), ko sauron Anopheles stephensi da aka gano a Gombe a 2020, su ma sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Su zauna a jeri na farko a miƙa wa shirin yaƙi da maleriya na jiha.

Dakta_Samaru: Na yarda, Malam. Sai dai a lissafa makin baƙin daban da na ɗalibai, a ranar ƙarshe a tattauna tambayoyin da suka fi saɓani a kai.