Neman shawara: atisayen ƙwallon Amurka a hutun bazara, dole ne ko ganin dama?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar wasannin sakandare a Teksas ku taimaka min. Yarona ya gama aji 9 a makarantar gwamnati a nan Houston, yana buga ƙwallon nan tasu ta hular kwano. Koci ya aiko da jadawalin hutu: ɗaga ƙarfe da gudu tun daga farkon Yuni, ga kuma wani wasa da suke kira bakwai-da-bakwai. Mu kuwa mun riga mun yanki tikitin Kano, mako shida, sai mako na biyu na Agusta za mu dawo. Yaron ya tayar da hankalinsa wai cire shi za a yi. Doka ta ba koci ikon tilasta masa? Sannan jininsa AS ne, ban faɗa wa makaranta ba don kada a ware shi.

Baban Yusra: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, Amurka ba ta da doka guda a kan wannan. Kowace jiha da hukumarta. Makarantun gwamnati a Teksas suna ƙarƙashin UIL, wadda ke Austin, yawancin masu zaman kansu kuma TAPPS suke bi. Saboda haka abin da wata a Ohayo ko Jojiya za ta gaya miki game da ɗanta ba lallai ya shafi naki ba.

A dokar UIL, horon ƙarfi na hutun bazara na ganin dama ne. Bai wuce awa 2 a rana ba, Litinin zuwa Juma'a, zama ɗaya ga kowane yaro. Bayan wannan an yarda a koyar da dabarun wasa na minti 90 a rana, amma nau'in wasa guda ba zai ci fiye da minti 60 ba. Ba a sa kayan karo. Koci yana rubuta sunayen masu zuwa, amma ba a yarda ya sa yaro ya rama kwanakin da ya rasa ba, ko da yaron ne ya nema. Ranar Lahadi kuwa babu atisaye kwata-kwata.

Wannan a takarda ke nan. A fili, koci ne ke zaɓar wanda zai fara wasa, kuma wanda ya yi wata biyu yana ɗaga ƙarfe zai fi wanda ya dawo da tumbin tuwo. Ba hukunci ba ne, ƙarfi ne ya bambanta. Ki rubuta masa imel yanzu, ki sa ranar tafiya da ta dawowa, ki roƙi jadawalin da yaron zai bi a can. A rubuce, ba a baki ba.

Malam Mai Usur: Hajiya, tafiyar ba ita ce matsala ba, ranar dawowar ce. Ki tambayi makarantar abu ɗaya: sun yi horon bazara na kafin hutu ko ba su yi ba? Manyan makarantu, rukunin 5A da 6A, an ba su damar atisaye 18 cikin kwana 34 a jere, galibi tsakanin Afrilu da Mayu. Wadda ta yi wannan, sai ta fara atisayen kakar wasa mako ɗaya bayan sauran, kuma wasan gwaji ɗaya za ta yi maimakon biyu. Wadda ba ta yi ba tana farawa tun farkon Agusta. Kin ga idan makarantarsa ta yi, wataƙila ku sauka daidai kan gaɓa. Idan ba ta yi ba, mako guda ya wuce shi.

Kuma makon farkon nan ba a tsallake shi. Kwana 5 ne na sabo da zafi, kowane yaro sai ya cika nasa, ko da ya zo a makare. Kwana biyun farko hular kwano kawai da riga da gajeren wando. Na uku da na huɗu a ƙara sulken kafaɗa, amma babu haɗa jiki. Ranar ta biyar a fara haɗa jiki, ba tare da kayar da juna ƙasa da ƙarfi ba. A kwanakin nan atisaye ɗaya ne a rana, bai wuce awa 3 ba. Bayan sun cika ne ake iya yin sau biyu a rana, shi ma ba kwana biyu a jere ba, jimilla awa 5, da hutun awa 2 a tsakani. To in ya makara, abokansa suna karo shi yana gefe da hula, wasan gwaji kuma nan ne koci ke tantance mutane. In tikitinsa zai canzu, ko shi kaɗai ne ya riga ku dawowa da mako ɗaya.

Takardar gwajin likita ma a gama ta kafin ku tashi. UIL tana neman gwaji a shekarar farko da ta uku ta sakandare, da fom ɗin tarihin lafiya kowace shekara, amma gundumomi da yawa kowace shekara suke neman gwajin. Babu takarda, babu taka fili.

Anti Nas: 'Yar'uwa, ni maganar AS ɗin ce ta tsaya min a rai. Ki faɗa musu. AS ba ya hana wasa, akwai masu shi har a manyan ƙungiyoyi, kuma jami'o'in rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, tun 2010 suke bin diddigin jinin 'yan wasansu don a kiyaye, ba don a kora ba. Ɓoyewar ce haɗari.

Abin da ke faruwa: idan mai AS ya yi gudu iya ƙarfinsa ba hutawa, minti 2 zuwa 3 ma sun isa, iskar da ke cikin jini ta ragu, sai wasu ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Tsoka ta fara narkewa, dattinta ya bi jini ya daki ƙoda da zuciya. Zafi, ƙishirwa, asma da zazzaɓi duk suna ƙara ta'azzara shi. An fi ganin wannan a gudun horo na lokacin hutu da makon farko, ba a cikin wasa ba, domin a wasa ana tsayawa bayan 'yan daƙiƙu.

Masu kallo sukan ɗauka ɗaurewar tsoka ce, alhali akwai bambanci. Mai ɗaurewar tsoka yana ihu, tsokar ta yi tauri kamar dutse. Wannan kuwa ƙafafu ne ke mutuwa, ya sulale ƙasa, tsokar laushi, yana haki. Idan aka ce masa "tashi ka ƙarasa", nan ake asarar rai. Ki sami jami'in lafiyar 'yan wasa na makarantar, ba koci kaɗai ba, ku yarda a kan abu uku: yaron ya ƙara nauyin horo a hankali, a cire shi daga gudun agogo da tseren da ake maimaitawa ba numfasawa, kuma da ya ji ciwon ƙafa ko baya ko numfashi ya tsaya ba tare da neman izini ba. Fitsari ya koma kalar shayi ba madara bayan horo, asibiti kai tsaye.

Ki kuma tambaye su ko suna ajiye bahon ruwan ƙanƙara a bakin fili. Wanda zafi ya kayar, jikinsa ya haura digiri 40, ana tsoma shi nan take, a sauko da zafin cikin minti 30, sannan a ɗauke shi.

Tunda damina za ku tarar a Kano, a karɓi maganin rigakafin maleriya kafin tafiya. Ya dawo da zazzaɓi, kada ya je atisaye sai likita ya gani, a kuma gaya wa likitan inda ya fito.

Baban Yusra: Na manta bakwai-da-bakwai. Wasan jifa da cafewa ne kawai, babu kayarwa, kuma ba na makaranta ba ne. Kocin makaranta ba shi da izinin horar da ɗalibansa a cikinsa, sai dai ya tsaya kallo, shi ya sa za ki ga wani uba ne riƙe da allo. Gasar jiha a garin College Station na Teksas ake yi ƙarshen Yuni. Idan yaron cikin manyan layin gaba yake, babu ma gurbinsa a ciki.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri. Kawunsa ya ce idan kocin ya yi fushi mu mayar da shi wata makaranta. Hakan zai yiwu?

Malam Mai Usur: A'a Hajiya, ki ba kawu haƙuri. Sabuwar makarantar sai ta cike fom ɗin wasannin baya, tsohon kocin ya sa hannu, kuma a ciki ana tambaya ko saboda wasa aka canza. Idan kwamitin UIL na yankin ya ga haka ne, shekara guda cur ba zai buga wa babbar tawagar makarantar ba.

Gara a sa ƙarfin a horonsa na Kano. Kwana 4 a mako: biyu a gidan ɗaga ƙarfe, biyu a fili. A filin, ɗumama jiki minti 10, sai gajeren gudu na mita 20 zuwa 40 sau 6, hutun minti ɗaya ko fiye tsakanin kowanne, a ƙara biyu duk mako. Da safe zai fara. A mako biyun ƙarshe ya matsa zuwa hantsi, domin jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Ya auna nauyinsa kafin horo da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu ya mayar da ruwa lita ɗaya da rabi. Kada ya fita shi kaɗai, kuma wanda zai raka shi ya san da maganar AS ɗin.